Yashin da Yake Barci

Sunan jiharmu bai taɓa zama daidai da garinmu ba. A bakin manomi, jigawa ita ce ƙasa mai rairayi, tudun da ke shanye ruwa nan take, inda ake shuka gero da gyaɗa da wake, kishiyar fadama. Mu kuwa a Maruta, da sauran ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, duwatsu muka buɗe ido muka gani. Wani wurin in garma ta zurfafa kaɗan sai ka ji ta yi ƙara a kan fa. Yashin da muka sani na rafi ne, wanda ake ɗiba a yi bulo. Da aka yanke jihar daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, aka raɗa mata Jigawa, sai muka karɓi sunan kamar yadda ƙane ke karɓar rigar yayansa, ko ta yi masa yawa haka zai sa.

Saboda haka hamada a wurinmu labarin rediyo ce. Ana ta maimaita mana cewa tana gurgusowa kudu da fiye da rabin kilomita a kowace shekara, 0.6 in ji masu son alƙaluma. Duk ɗan makarantar da ya iya rabawa zai iya kwantar wa garinmu da hankali da wannan lissafi. Daga tuddan yashin arewacin Yobe zuwa Gwaram akwai kilomita sama da 200. A wannan tafiya ta hawainiya, sai an yi shekara 300 da ɗoriya kafin ta iso. Wa zai hana idonsa barci a kan baƙon da sai tattaɓa-kunnen tattaɓa-kunnensa ne za su tarbe shi?

Sana'ata rubuta manhaja. Shekaru biyu da suka wuce wani kamfanin harkar noma ya ba mu aikin gina abin da zai riƙa duba gonaki daga sama. Akwai taurarin ɗan'adam na Turai da ake kira Sentinel-2, suna ɗaukar hoton kowane wuri duk bayan kwana biyar, kuma kyauta ake sauke hotunan. Kowane ɗigo guda a hoton yana wakiltar fili mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Dabarar gane tsiro ba wuya gare ta ba. Ganye mai rai yana shanye jan haske, yana mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani amma kyamarar tauraron tana gani. Ka ɗebe wannan daga wancan, ka raba da jimillarsu, sai ka sami lamba. In ta kusa 1, wurin shar yake. In ta kusa 0, ƙasa ce tsirara. Layi uku na rubutu sun isa.

In aiki ya lafa da dare, nakan ja taswirar in yi arewa da ita don jin daɗi kawai. A nan na fara ganin abin da ya hana ni sakat. Arewa da Gashuwa, kusa da iyakar Nijar, ba layi ɗaya ba ne tsakanin kore da fari kamar yadda rediyo ta zana mana. Tabo-tabo ne, kamar jikin mai ƙyasbi. Kuma sau da yawa farin tabon yana zagaye da gari, ko rijiya, ko yana bin hanyar mota. Nesa da mutane kuma, a cikin daji ɗaya, ƙarƙashin sama ɗaya, ciyawa tana nan abinta. Gani ya kori ji, amma gani ta fuskar kwamfuta rabin gani ne. A watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, ni da wani abokina muka tambayi lafiyar hanya, aka ce lafiya, muka kama hanyar Yusufari.

Mun bi ta Dutse da Kiyawa muka nufi Jahun. Duk wanda ya saba bin wannan hanya zuwa Haɗeja ya san yadda mota ke hawa tana sauka a hankali, tudu mai faɗi sai kwari mai danshi, tudu sai kwari. Na sha bi ban taɓa tambaya ba. Waɗannan tuddai tsofaffin tulin yashin hamada ne. Shekaru 15,000 zuwa 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, nan wurin busasshe ne ƙayau, iskar arewa maso gabas ta jera yashi layi-layi. Da ruwa ya dawo, ciyawa da itatuwa suka hau kansu suka danne su, suka yi barci. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansu a 1958, ya kira su tsohuwar hamadar ƙasar Hausa. Wato geron da ake nomawa a Jahun da Kafin Hausa a gadon bayan hamada yake fitowa. Wanda ya zaɓa wa jihar nan suna ya faɗi gaskiyar da ta fi ƙarfin nufinsa.

Daga Haɗeja muka wuce Nguru, inda layin dogon Kano ya tuƙe, muka kwana Gashuwa. Da safe muka isa Yusufari. Daga nan motarmu ba ta da sauran amfani. Tsofaffin Land Cruiser ne ke shiga, kuma kafin a tashi sai direba ya rage iskar tayoyi don su baje a kan rairayi kada su nutse. Mutanen wurin galibi Mangawa ne, dangin Barebari, sai Fulani makiyaya, amma Hausa ta ishe ka ciniki da tambayar hanya. Ruwan saman da suke samu a shekara wajen rabin namu ne, kuma a watanni uku yake ƙarewa.

Tulo-Tulowa ba ta yi mana sallama ba, sai ganinta muka yi. Ana cikin tafiya a cikin ƙarangiya da tumfafiya da ƴan aduwa jefi-jefi, sai ga tudu ya tashi gabanmu, launin garin masara, ba ko tsinke a kansa. Na cire takalmi. Yashin da safe sanyi ƙalau, laushi kamar an tankaɗe shi. Hawansa kuwa aiki ne: taku uku, biyu sun koma. Da na kai ƙololuwa ina haki, na juya, sai na rasa ta cewa in ban da tasbihi. Tuddai a jere har inda hazo ya haɗiye su, kowanne da ƙirar da iska ta yi masa, bakinsa kaifi kamar an yanka da wuƙa. A ƙarƙashinsu kuma, can cikin kwari, ga dausayi kore shar, goruba da dabino sun yi cincirindo, ga ɗan tafki da farar kanwa ta zagaye bakinsa. Irin waɗannan kwaruruka ne aka shigar da wasunsu cikin gandun daji na ƙasa na Tafkin Chadi, sashen Bulatura. Kanwar da uwata ke jefawa a miyar kuka da tukunyar wake, daga irin wannan ƙasa take fitowa. Ban taɓa tunanin tana da gida ba.

Na daɗe kwance rubda-ciki a bakin tudun ina kallon yadda yashi ke tafiya, abokina yana ta yi mini dariya. Yashi ba ya tashi sama yadda muke zato. Ƙurar da ke rufe mana rana a hunturu wani abu ne daban, gari ne mai laushi da iska ke kwasowa, mafi yawansa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana iya kai shi har ƙetaren teku. Ƙwayar yashi ta yi nauyi da wannan. Tsalle take yi, ɗan gajere, in ta faɗo ta bugi ƴan uwanta su ma su yi tsalle. Kusan duk wannan hidima a ƙasa da gwiwar mutum take faruwa. Haka ƙwayoyin ke hawa bayan tudun ta inda iska ke bugowa, su taru a baki, in gangaren ɗaya gefen ya wuce kimanin digiri 34 sai ya zube. Da wannan zubewa tudun ke matsawa gaba, taki ɗaya bayan ɗaya. Wani sojan Ingila mai suna Ralph Bagnold ne ya zauna ya auna wannan duka, ya fitar da littafi a 1941 wanda har yau masana ke komawa gare shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwiwar nan. Tunda a ƙasa da gwiwa yashi ke tafiya, to abin da bai wuce gwiwa ba yana iya tare shi. Kututturen ciyawa. Karan gero da aka bari a gona. Ƴar sabara. Ko ƙarangiyar da muke tsinewa in ta kama mana wando. Na ga haka da idona: bayan kowane ɗan tsiro akwai ƴar wutsiyar yashi da ya tsare, kamar jariri ya ɓuya bayan uwarsa.

Masu zuwa yawon buɗe ido ƙololuwa suke nufa, nan ake hoto, nan ake hawa raƙumi. Ƙololuwar kuwa ba abin da za ka yi mata, sawunka ma kafin la'asar iska ta share. Wurin da ke da rauni shi ne gindi, wannan ɗan tsakanin da ba a ɗauka a hoto, inda ciyawa ke ƙarewa yashi ke farawa. In ka tsuguna a nan za ka ga saman ƙasar ya yi wani ɗan ɓawo mai duhu, bai fi kaurin farce ba, ƙananan halittu ne da saiwoyi suka ɗinke shi cikin shekaru. Na danna da yatsa ya fashe, ƙarƙashinsa rairayi ne zalla yana malala. To a kan wannan ɓawon muka faka mota. A kansa wasu samari da suka zo bayanmu suka riƙa juyi da tasu motar suna ihu, wani yana ɗaukarsu a waya. Ba na ganin laifin murnarsu, wuri ne da ke sa babba ya koma yaro. Amma kowane direba in ya ga sawun na gabansa ya yi laushi sai ya kauce ya buɗe sabo a gefe, har hanya ɗaya ta zama goma. Farin zaren da nake gani a taswira, ashe wannan ne.

A bakin dausayin muka tarar da wani dattijo yana kafa shinge da busasshen kaba a kan gangaren da ke fuskantar lambunsa. Ba shingen hana akuya ba ne, bai ma kai ƙugu ba, kuma layi-layi ya yi shi, wani na gicciye wani kamar gidan dara.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa ɗana, sannunku da zuwa. Daga ina?"

Da na ce Jigawa, wajen Gwaram, sai ya ce, "A'a, ku ai kuna cikin ni'ima."

Na tambaye shi ko shingen yana tsare wani abu. Ya nuna mini wasu goruba uku da yashi ya haɗiye har wuya, kawunansu kawai ke waje kamar masu wanka a kogi. Ya ce yana saurayi a gindinsu ake ɗaure jakai. Shingen, in ji shi, ba ya tsayar da tudu, yana dai rage wa iska gudu har damina ta zo ciyawa ta samu ta kama. In ta kama shekara biyu ba a kiwata ta ba, wurin ya kwanta. Wahalar ita ce shekara biyun. Dabba ba ta san alkawari ba, mai dabbar kuma yana da nasa uzurin, don rijiyar da zai shayar a nan kwarin take. Haka ake yi a tsallaken iyaka, wajen Gure da Maine-Sorowa a Nijar, inda aka daɗe ana ɗaure tuddai da irin wannan shinge.

Maganar cewa Sahara na tahowa kamar rundunar yaƙi tsohuwa ce. Wani masanin gandun daji, E. P. Stebbing, ya zaga arewacin Najeriya ya yi wannan shela a 1935. Turawan Ingila da na Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar a 1936 zuwa 1937, ya dawo ya ce bai ga rundunar ba, abin da ya gani ɓarnar wuri-wuri ce da sara da noma da kiwo ke jawowa. Bayan farin 1973 da na 1984 maganar ta sake tashi, kuma wanda ya ga gawar shanu a bakin hanya a shekarun nan ba za a ce ya yi ƙarya ba. Sai dai a 1991 masana a hukumar NASA ta Amurka, Compton Tucker da abokan aikinsa, suka jera hotunan tauraro na shekara goma, suka nuna cewa bakin hamadar yana matsowa kudu a shekarar fari, yana komawa arewa in ruwa ya samu, wani lokaci fiye da kilomita 100 a shekara guda. Ƙasar nan ta ga jiƙa ta ga bushewa tun kafin mu. A Dufuna, cikin Yoben nan dai, wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai shekara wajen 8,000.

Ni a ganina labarin rundunar ya yi mana illa biyu. Ya sa na nesa ya saki jiki, ya kuma sa hukuma ta fi son maganin da ya yi kama da ganuwa. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 da haka ya fara, ɗamarar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, wajen kilomita 8,000. Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Jigawa da Yobe suna cikin jihohi 11 da ya shafa. Ba na raina dashe, layukan darbejiyar da aka dasa wajen Gumel da Maigatari shekaru da dama suna nan suna aiki. Amma kowa ya san yadda bikin dashen itace yake ƙarewa: a zo da manyan riguna a dasa, a yi hoto, a watse, akuya ta zo ta rufe taro. Masu shirin su ma daga baya sun sassauta maganar ganuwa, sun koma batun gyaran ƙasa wuri-wuri.

Abin da ya yi aiki sosai a kusa da mu ba a dasa shi ba. A ƙasar Maraɗi, daga 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa duk bazara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Maimakon a sare duka, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Manoma suka ɗauka, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, musamman da aka daina ɗaukar itacen gona a matsayin na gwamnati. An ƙiyasta fili hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Da yawansu gawo ne, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabba ke nema.

Gawon nan ma ya nuna mini iyakar manhajata. In na auna gona a watan Agusta, gawo ba ya cikin lissafi, don tsirara yake. Lambar ba ta bambance gero da tumfafiya. Itace guda kuma in an sare shi, ɗigon mita goma da kyar zai nuna. Sai a 2020 wasu masana suka yi amfani da hotuna masu kaifin rabin mita da kwamfuta mai koyo, suka ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya a yammacin Sahara da Sahel, suka samu sama da biliyan 1.8 a wuraren da taswira ke nunawa kamar ba komai. Dattijon Tulo-Tulowa bai buƙaci wannan ba, ya san goruba ukunsa.

Mu a kudu ba yashi ne a ƙarƙashinmu ba, dutse ne, kuma ƙasar da ke kansa ba ta da kauri. Abin da iska ke yi musu, ruwa ke yi mana. Gonar da aka share ƙal, aka kwashe kara aka sayar, ruwan farko na Yuni yana dukanta kai tsaye, ya wanke ya zuba a rafi, rafin ya cike da yashi, ya rasa inda zai sa ruwan Agusta sai cikin gidajen mutane. Kwazazzabon da ke bayan makarantarmu ta firamare, muna yara tsallake shi muke yi. Yanzu sai an zagaya. Ga kuma buhunan gawayi da ke jere a bakin titi suna jiran motar birni, tun da gas ya yi tsada. Ni ma a birnin nake zaune, na san inda suke zuwa.

Sati biyu da dawowata, ƙanwata ta kira ni ta ce masu gawayi sun taya kiryoyi biyun da ke gonar gadonmu, Baffa kuma ya kusa sallamawa. Kirya ita ce sarauniyar gawayi, maƙera sun san haka tun tuni, icenta ne ake turmi da taɓarya, ƴaƴanta ake daddawa. Waɗannan biyun kakanmu ya tarar da su. Na je ranar Asabar na same shi a zaure, muka gaisa, na kawo maganar a hankali.

"Baffa, na ji an taya itatuwan gona."

"An taya. Kai da kake birni, inuwarsu kake sha?"

Ya lissafa mini: taki, maganin hawan jininsa, ga auren ƴar autarsa bayan salla. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na fara ba shi labarin ɓawon ƙasa da goruba uku, ya saurara har na gama, sannan ya ce shi bai ga yashi a Maruta ba. Na tambayi nawa suka taya, ya faɗa. Na ce zan biya daidai haka, a bar su a tsaye.

Ya yi shiru yana kallona, irin kallon da ake yi wa wanda boko ya taɓa. "Wato ka sayi itace, ba za ka sare ba, ba za ka ɗauka ba."

"Haka ne, Baffa."

"To na bana ka saya," in ji shi. "Baɗi ma yi magana."

Na tura masa kuɗin ta waya kafin in tashi. Ya sa aka kira ƙanwata ta duba ta tabbatar sun shiga.